Sharhi: Baƙin Garin Cikin Batir Da Sabuwar Hanyar Adana Wuta

Sharhinmu na yau zai fara ne daga cikin akwatin rediyon da mutane da yawa ke jin wannan murya da shi.

A Dutsen Abba, kamar sauran ƙauyuka da unguwannin da ke kewaye da Zariya, manomi yakan rataya rediyonsa a reshen ɗorawa ya duƙufa kan kunya, rediyon kuwa manyan batura biyu ko uku ke riƙe da shi, irin na Tiger Head. Idan murya ta fara shaƙewa, sai a ciro su a shanya a rana, wani ma ya ɗan bubbuga su da dutse ko sa kai shi labaran yamma. In sun mutu murus, yara su tsince su a bayan gida su fasa. A tsakiya akwai wata siririyar sanda baƙa, kewaye da ita kuma wani baƙin gari mai danshi da ke ɓata hannu. Waɗanda suka yi firamare a shekarun baya sun san shi sarai, domin da shi da dakakken gawayi ake shafe allon aji ya koma baƙi wuluk.

Sandar nan kabon ce, dangin gawayi. Garin kuwa akasarinsa manganis oksaid ne, wato ma'adinin manganis da ya haɗu da iskar oksijin. Wani injiniya Bafaranshe, Georges Leclanché, shi ya haɗa waɗannan biyu a batir tun 1866, kuma har yau da tsarinsa batirin rediyo ke aiki. To waɗannan abubuwa biyu, a wata sabuwar kama, su ne masana a Amurka da Sin da Saudiyya da Afirka ta Kudu, har da Najeriya, suka shafe sama da shekara ashirin suna ƙoƙarin ɗaura wa aure, domin ƙera wata ma'ajiyar wuta da ake kira sufakafasita. Zariya tana da ruwa da tsaki a wannan bincike, kuma dalilin yana cikin gidajenta da shagunanta.

Duk wanda ya kafa sola a Tudun Wada ko Sabon Gari ya san inda kuɗi ke zurarewa. Farantin rana yakan yi shekara ashirin yana aiki. Batirin dalma da ke ƙarƙashinsa kuwa sau da yawa bai wuce shekara biyu zuwa uku, sai a ji mai gyara yana cewa sel ɗaya ya mutu, ba ya riƙe caji. Abu biyu ke saurin tsofar da shi. Na farko zafi: batirin dalma an tsara shi ne don yanayin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba tsawon ransa biyu, alhali a watannin Maris da Afrilu zafin Zariya kan haura digiri 35. Na biyu fizga. Lokacin da firiza ko injin markaɗe ko famfon rijiyar burtsatse zai tashi, yakan ja wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake sha in ya riga ya kama gudu. Fizgar ba ta wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu, amma ana yin ta sau da yawa a yini, kuma batir ba ya son a yi masa gaggawa.

Ita kafasita ba baƙuwa ba ce a nan. Idan fankar sama ta fara juyawa kamar mai jin barci, mai gyara yakan hau kujera ya cire wani ɗan ƙaramin abu mai wayoyi biyu ya ce, “Alhaji, kafasita ce ta tafi.” Aikinta ta kama wuta nan take ta sake ta nan take, sai dai abin da take riƙewa kaɗan ne ƙwarai. Ana auna ƙarfin riƙonta da ma'aunin farad, wanda aka raɗa wa sunan masanin Ingila Michael Faraday. Ta fanka ba ta wuce kashi biyu da rabi cikin miliyan na farad ɗaya ba. Sufakafasita guda, mai girman gwangwanin lemo, tana kai farad 3,000.

Bambancinta da batir kamar bambancin rumbu da shanya ne. Rumbu yana cin hatsi mai yawa ya riƙe shi har wata damina, amma ta ƙaramar ƙofa ake zubawa, ta nan ake ɗiba, a hankali. Haka batir yake: yana ɓoye wuta can cikin jikin sinadaransa, kuma duk shiga da fita tana ɗan farfasa jikin. Shanyar barkono a kan fako ko falalen dutse kuwa, a buɗe take. In hadari ya taso, cikin ɗan lokaci an share an kwashe, in rana ta dawo a sake bazawa, dutsen bai san an yi ba. Sufakafasita haka take ajiye caji, a fuskar farantanta guda biyu da masana ke kira ilektirod, waɗanda ke jiƙe cikin wani ruwa mai aikin ruwan batir. Shi ya sa take cika cikin daƙiƙoƙi, kuma ana iya cika ta a juye sau ɗaruruwan dubbai, har zuwa miliyan, alhali batirin dalma ɗaruruwa yake yi, na litiyom kuma 'yan dubbai.

Tun da shanya ce, to girman fili shi ne jari. Shi ya sa sufakafasitocin da ke kasuwa ake yin farantansu da wani gyararren gawayi mai ramuka bila adadin, galibi daga ƙoƙon kwakwa. Giram ɗaya nasa, in da za a baje duk lungunan cikinsa, zai rufe murabba'in mita 1,500 zuwa 2,000. Giram huɗu ke nan sun kusa shimfiɗe filin ƙwallo. Wani injiniyan kamfanin General Electric, H. I. Becker, ya yi rajistar wannan dabara a 1957, sannan kamfanin NEC na Japan ya fito da ita kasuwa a 1978.

Ta riga ta shiga aiki. Tun 2006 motocin bas na layi na 11 a birnin Shanghai ke tafiya da ita, suna ɗan kurɓar caji a tasha yayin da fasinja ke sauka da hawa. Ƙofofin gaggawa na jirgin Airbus A380 da ita suke buɗewa. Kamfanin Mazda ya sa ta a motocinsa a 2012 don ta kama ƙarfin da ke salwanta in an taka birki. Ana kuma sa ta a manyan motocin dakon kaya don tayar da inji.

Amma tana da rauni babba, kuma shi ne tushen duk wannan bincike: cikinta ƙarami ne. Kilo ɗaya na sufakafasita yana riƙe kimanin wat-awa 5. Kilo ɗaya na batirin dalma yana riƙe 30 zuwa 40, na litiyom kuma 150 zuwa 250. Waccan mai girman gwangwanin lemo, sai an tara biyar kafin su cika wayar hannu guda. Kuma in an ajiye ta ba a amfani da ita, cajin yakan tsiyaye cikin kwanaki ko makonni. Tambayar masana ita ce, yaya za a ƙara mata ciki ba tare da an rage mata sauri ba?

A nan ne baƙin garin ya shigo. Farfesa Brian Conway na Jami'ar Ottawa a Kanada ya nuna tun shekarun 1970 cewa wasu ma'adinai suna da baiwa biyu: suna shanya caji a fuskarsu kamar gawayi, sannan fatarsu ta sama tana ɗan haɗiye shi kamar batir, cikin sauri. Wanda ya fi kowa iya wannan shi ne ruteniyom oksaid, wanda a 1995 aka auna shi ya ba da farad 720 a giram ɗaya. Sai dai ruteniyom dangin farin zinare ne, duk duniya abin da ake haƙowa a shekara bai fi tan 30 da 'yan kai ba. Manganis kuwa ana haƙo kusan tan miliyan 20. A 1999 Hee Lee da John Goodenough na Jami'ar Texas suka gwada manganis oksaid a cikin ruwan gishiri, ya ba da kimanin farad 200 a giram. Goodenough ɗin nan shi ne ya sami kyautar Nobel a 2019 yana da shekara 97, saboda aikinsa kan batirin litiyom. Gwajin nasu ya buɗe ƙofa, domin lissafi ya nuna garin zai iya kai farad 1,370 in da kowace ƙwayarsa za ta yi aiki.

Me ya hana? Wuta ba ta son ratsa manganis oksaid. A 2004 Mathieu Toupin da Thierry Brousse da Daniel Bélanger suka tabbatar da abin da duk mai shanya ya sani: in an baza garin siriri ƙwarai, kusan dukkansa yana aiki, in kuwa an jibga shi da kauri, na saman kawai ke aiki, na ƙasa yana kwance yana ƙara nauyi a banza. Barkonon da aka tula tsibi guda, na sama ne ke ganin rana.

Maganin ya fito daga wani abu da Sumio Iijima, masani a kamfanin NEC, ya bayyana wa duniya a 1991: siraran bututun kabon, waɗanda ake kira bututun nano. A ɗauki shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, a naɗe ta kamar tabarma, shi ne bututun. Mafi sirantarsu sai an tsaga silin gashi gida 50,000 kafin a kai kaurinsa. Wuta tana gudu a cikinsu kamar a wayar tagulla, suna da ƙarfin da ya fi na ƙarfe in an kwatanta nauyi, kuma in sun taru sukan sarƙe kamar raga, da ramuka ko'ina da ruwa zai shiga. Su kaɗai dai ba su da ciki sosai: gwajin farko a 1997 ya ba da farad 100 da ɗoriya a giram. Manganis oksaid yana da ciki ba shi da hanya, bututun nano suna da hanya ba su da ciki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Magina na gargajiya sun san wannan aiki. Ana kafa kara ko azara su zama ƙashi, sannan a bi su da yaɓe. Bututun nano su ne ƙashin, manganis oksaid shi ne yaɓen, kuma gwanintar duk tana ga yadda aka yi yaɓen.

Hanyar da aka fi bi tana da sauƙin gani da ido. Akwai wani sinadari mai launin shuɗi-ja, fotasiyom famanganet, wanda masu kiwon kaji ke turara ɗakin ƙyanƙyasa da shi, ma'aikatan asibiti kuma ke wanke wasu miyaku da ruwansa. In an narka shi aka zuba bututun nano a ciki aka ɗan ɗumama, sai launin ruwan ya riƙa dusashewa har ya washe, manganis ɗin ya bar ruwa ya lafe a jikin bututun. Amma sinadarin yana ɗan cin kabon ɗin kafin ya zauna. In an bar shi ya daɗe, yaɓe ya yi kauri, ƙashi ya rame, an koma gidan jiya. In an cire da wuri, yaɓen bai isa ba. Kafin ma a kai nan, sai an wanke bututun da ruwan asid, domin a ɗabi'arsu ƙin ruwa suke yi, su dunƙule waje guda kamar gari a ruwan sanyi. Wankin ma in ya yi yawa yakan huda su ya rage gudun wuta. Kowane mataki yana da gejinsa, kuma neman gejin ne ke cinye shekarun ɗalibai a ɗakunan gwaji.

Sai siffar garin kansa. Manganis oksaid iri-iri ne, gwargwadon yadda ƙwayoyinsa suka jeru. Wani yana da faffaɗan lunguna a ciki, wani lungunansa matsattsu ne, wani kuma hawa-hawa yake kamar shafukan littafi, da tazarar da ƙwayoyin gishiri ke shiga su fita. A 2008 Devaraj da Munichandraiah na Cibiyar Kimiyya ta Indiya da ke Bangalo suka jera su suka gwada, suka ga mai faffaɗan lunguna da mai shafuka sun yi wa mai matsattsun lunguna fintinkau.

Wani ci gaban kuma zai ba mutanen Zariya sha'awa, garin auduga da rini. A Jami'ar Stanford ta Amurka, ƙungiyar Farfesa Yi Cui ta mai da bututun nano tawada, ta tsoma takarda a ciki a 2009, sannan ta tsoma yadin auduga a 2010, kamar yadda marini ke tsoma zane a baba. Da yadin ya bushe sai ya zama mai ɗaukar wuta, aka kuma bi zarensa da yaɓen manganis. A 2011 masana a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdallah da ke kusa da Jidda suka yi irin haka da soson wanke-wanke. Amfanin dabarar shi ne, yadi da soso suna da zurfi da ramuka, don haka ana iya ɗora gari mai yawa amma kowane wuri yaɓen siriri ne.

Wannan batu na yawan gari shi ne inda ake gane na ƙwarai. Sakamako mai ƙayatarwa da ake bugawa sau da yawa daga ɗan mitsitsin gari ne da bai kai miligiram ɗaya a murabba'in santimita ba, alhali masana'anta na buƙatar kimanin miligiram 10. Yury Gogotsi da Patrice Simon sun ja hankalin 'yan uwansu masana kan wannan a mujallar Science a 2011. Akwai kuma matsalar narkewa: in an matsa wa farantin, manganis yakan riƙa zubewa cikin ruwan a hankali, ƙarfi ya ragu. Ana magance ta da taƙaita ƙarfin cajin, ko a lulluɓe yaɓen da wata siririyar fatar roba mai ɗaukar wuta. Sannan an gano cewa in faranti ɗaya na manganis ne ɗaya kuma na gawayi, a cikin ruwan gishirin sodiyom salfet, na'urar tana iya kai bolt 2 maimakon 1. A ƙa'idar kafasita, in ƙarfin bolt ya ninka biyu, makamashin da aka adana yana ninka huɗu. Ruwan gishiri kuma ba ya kamawa da wuta, abin da ke da muhimmanci a ɗakin da yara ke kwana.

Duk da wannan, babu mai gaskiya da zai ce sufakafasita za ta kori batir daga gida. Abin da za ta yi shi ne ta tsaya a gabansa ta karɓi fizga, shi kuma ya ji da doguwar tafiyar dare. Haka za ta yi wa keken lantarki da zai riƙa tsayawa yana tashi tsakanin Ƙofar Doka da Agoro da PZ: kowane birki ta kama, kowane tashi ta mayar.

Ina Afirka a ciki? Mafi girman ajiyar manganis a duniya tana yankin Kalahari na Afirka ta Kudu. Gabon na haƙo shi a Moanda, Gana kuma a Nsuta tun 1916. Kusan kashi 90 cikin 100 nasa yana tafiya ne masana'antar ƙarfe, kuma tace shi zuwa matsayin da batir ke buƙata akasari a Sin ake yi. A nan gida, J. B. Wright da P. McCurry na sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello sun buga rahoton gano ma'adinin manganis a Arewacin Najeriya tun 1970, daga baya aka yi nazarin na Tudun Kudu. Masana 'yan Najeriya irin su Farfesa Kenneth Ozoemena a Afirka ta Kudu da Farfesa Fabian Ezema a Nsukka sun yi suna a binciken sufakafasita, a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna kuma ana haɗa bututun nano a ɗakin gwaji.

Zariya tana da kayan aikin da garuruwa kaɗan ke da su. Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta jami'ar, a Samaru, tana da tukunyar nukiliya ta bincike da ta fara aiki a 2004, wadda ke iya faɗin yawan manganis da sauran ma'adinai a ɗan guntun dutse. A Basawa akwai Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai ta Ƙasa. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya. Totuwar masara da ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa da ake ƙonawa a gonakin Dutsen Abba duk ana iya mai da su gyararren gawayin faranti na biyu. Masana a Malesiya da Ostireliya ma sun nuna ana iya tace garin matattun batura a yi farantin sufakafasita da shi. Abin da ake buƙata shi ne waɗannan cibiyoyi su haɗa kai kan aiki guda, asusun tallafa wa manyan makarantu ya zuba kuɗi, a ƙera na'ura ta gaske mai nauyin da masana'anta ke so, a ɗaura ta a famfon burtsatse na wata unguwa, a bar ta ta sha zafin bazara da ƙurar hunturu, a riƙa rubuta abin da ya faru da batirin da ke bayanta wata bayan wata.

Kafin nan, akwai abin da ya rataya a wuyan iyaye. Ƙurar manganis in ta yawaita a jiki tana taɓa jijiyoyi. Likita James Couper ya bayyana haka tun 1837, a kan ma'aikatan da ke niƙa shi a Sikotilan, waɗanda tafiyarsu da maganarsu suka lalace. Wani nau'in bututun nano ma, hukumar binciken kansa ta duniya ta sa shi a 2014 cikin abubuwan da ake zargi da jawo cutar, don haka aikinsu na ɗakin gwaji ne da takunkumi da safar hannu. Matattun baturan rediyo a daina jefa su juji ko kusa da rijiya, a daina barin yara suna fasa su. A samu gwangwani mai murfi a riƙa tara su, a ajiye a inda hannun yaro ba ya kai.